Littafin Aikin Jam da Maɗi Daga 'Ya'yan Itatuwan Dajin Daura

6 ga Oktoba, 2024

Na buɗe wannan littafi ne domin in riƙa rubuta abin da na auna da abin da ya biyo baya, saboda bara na dafa jam har sau uku, amma da wata abokiyar aikina ta tambaye ni yawan sukarin da na zuba a wanda ya fi kyau, sai na rasa amsar da zan ba ta. Abin da nake nema bana shi ne jam daga 'ya'yan itatuwan da ke kewaye da Daura, wanda zai kama jikinsa ba tare da na sayi garin fektin na kanti ba, kuma ya zauna a ɗaki babu firji har azumi ya kama. Fektin shi ne sinadarin da ke cikin bawo da tsokar 'ya'yan itace, wanda idan ya haɗu da sukari da tsami a kan wuta yake riƙe ruwa ya mai da shi kauri. Wasu 'ya'yan itace suna da shi da yawa, wasu kuma kaɗan, kuma aikina shi ne in gano wanne ne wanne a cikin namu. Sukari da lemun tsami kaɗai na yarje wa kaina in saya.

Da ɗinya muka fara, domin ita ce a kan lokacinta yanzu da damina ke ja da baya. Bayan sallar asuba na fita da 'ya'yan yayana guda biyu zuwa wata fadama da ke kudu da gari, inda manyan ɗinyoyi uku suke tsaye a gefen wata gona. Itacen da ke cikin gona yana da mai shi, don haka muka nemi dattijon da ke da wurin, na ce, "Baba, roƙon ɗinya ne ya kawo mu." Ya ce, "Malama, abin da ya faɗo ƙasa ai na mai tsinta ne, amma ki ja wa yaranki kunne, ban da hawa, ban da jifa." Mun tsinci kwano huɗu. Wadda ta nuna baƙa ce wuluk, tana sheƙi, da ɗan hularta a ka, kuma da an matsa ta sai ta lotsa ta bar baƙi a yatsa. Masu kore-kore da iska ta kaɗo na ware su a cikin tukunya na rufe, domin su ƙarasa nuna.

9 ga Oktoba

Na wanke ɗinyar, na jiƙa ta a ruwan ɗumi na awa biyu, na murje da hannu har tsokar ta rabu da ƙwallon, sannan na tace da rariya. Ƙwallon ɗinya ya fi tsokarta yawa nesa ba kusa ba, shi ya sa kwano huɗun nan bai ba ni abin da ya wuce lita biyu da rabi na ruwa mai kauri ba. Na raba shi biyu. A kashi na farko na zuba sukari giram 700 da ruwan lemun tsami uku, na dafa kusan awa guda ina juyawa. Na ɗiga kaɗan a kan faranti mai sanyi na tura da yatsa, domin jam ɗin da ya yi yakan tattare ya yi ƙoji-ƙoji a gaban yatsa, amma wannan sai ya gangara kamar zuma. Na ƙara minti ashirin, ƙasan tukunya ya fara kamu, ƙauri ya tashi, na sauke.

Gwaggo tana zaune a kan tabarma tana kallona tun da na ɗora, ba ta ce komai ba sai da na sauke. Daga nan ta ce, "Ke 'yar nan, wa ya gaya miki ana zuba wa ɗinya sukari? Kawo ragowar." Ta ɗora kashi na biyu a kan wuta ƙasa-ƙasa, ba sukari, ba lemo, ta bar shi yana tafasa a hankali tun bayan azahar har gab da magariba, tana kwashe kumfa da ludayi, har abin da ya fi lita ya koma bai cika kofi biyu ba. Maɗi ke nan, irin wanda iyayenmu suke ƙara dafawa su ja shi ya zama alewa. Nata ya fi nawa ƙamshi, kuma ɗanɗanon ɗinyar yana nan daram, alhali nawa sukari ya danne shi. Na yanke shawarar cewa ɗinya za ta tsaya a matsayin maɗi a wannan aiki, ba zan sake tilasta mata zama jam ba. Duk da haka na ɗura nawa a kwalabe biyu, na Gwaggo a ƙaramar kwalba ɗaya, na rubuta kwanan wata a jikinsu.

27 ga Oktoba

Ɗaya daga cikin kwalabena biyu ta yi fumfuna, wani farin tabo mai gashi-gashi kamar girman ƙwayar gyaɗa a saman. Na zubar da ita gaba ɗaya, domin kwashe saman ba ya raba abin da ke ƙasa da abin da fumfunar ta riga ta saka a ciki. Laifin nawa ne: da ruwa da sabulu kawai na wanke kwalaben, na kife su a rana, kuma na bar abin ya huce kafin in ɗura. Daga yau ƙa'idata ita ce in tafasa kwalabe da murafunsu na minti goma, in ɗura jam yana da zafi, in bar tazarar kamar faɗin ɗan yatsa a sama, in goge bakin kwalbar, in rufe, sannan in sake jera su a cikin tukunyar ruwa a kan tsumma, ruwan ya shafe kansu, su tafasa na minti goma sha biyar. Dabarar tsohuwa ce, domin Bafaranshen nan Nicolas Appert ya wallafa ta tun 1810, shekaru da dama kafin a fahimci cewa ƙananan halittun da ido ba ya gani ne suke ɓata abinci. Kwalaben bama nake tarawa daga maƙwabta, kuma ina ƙin duk murfin da ya yi tsatsa ko robar cikinsa ta tsage. Maɗin Gwaggo lafiyarsa lau, ko da yake a kwalba iri ɗaya yake da wanda ya lalace, kuma ina danganta hakan da ƙarancin ruwan da ya rage a cikinsa.

17 ga Nuwamba

Zoɓo ba ɗan daji ba ne, shuka shi ake yi a gefen gona, amma na sa shi a cikin aikin domin in sami abin da zan riƙa gwada sauran da shi, tun da an san yana da tsami da fektin isassu. Na sami ɗanye kilo ɗaya daga gonar Kawu, na ɓare jan bawon na ware ƙwallayen da ke ɗauke da iri, na tafasa ƙwallayen daban na minti ashirin, na tace ruwansu na dafa bawon a ciki, kamar yadda masu yin jam ɗin zoɓo suke yi a Ostareliya. Da sukari giram 600, cikin minti ashirin da biyar ya tattare a kan faranti. Kwalba huɗu na samu, ja jawur.

A nan ne na warware wani abu da ya dame ni tun bara. Littattafai suna cewa jam yana kamawa a digiri 104 zuwa 105 na ma'aunin Salshiyos, amma da na tsoma ma'aunin zafin da na aro a cikin ruwa zalla yana tafasa, sai ya tsaya a 98, har na zaci ya lalace. Ashe ƙasarmu ce ke da tudu. Daura tana kusan mita 500 sama da teku, kuma ruwa yana tafasa da wuri gwargwadon hawan wuri, saboda haka adadin da ke cikin littafi na mutanen bakin teku ne. Abin da ya dace shi ne a auna tafasar ruwa a inda ake, a ƙara digiri huɗu zuwa biyar a kai. Zoɓon ya kama a 103. Da na bi littafi na jira 105, da na sake ƙona tukunya kamar yadda na yi wa ɗinya.

8 ga Disamba

Hunturu ya shigo, magarya ta nuna. Tsintarta ba ta buƙatar roƙon kowa sosai, domin a kan iyakokin gonaki da gefen burtali take fitowa, kuma an gama girbi. Mun shimfiɗa tsohon buhu a gindinta, babban yaron ya riƙa kaɗa rassan da gora a hankali, 'ya'yan suna zubowa tare da ganye da ƙaya. Ƙayar magarya biyu-biyu take, ɗaya miƙaƙƙiya ɗaya lanƙwasasshiya kamar ƙugiya, kuma lanƙwasasshiyar ce ta yage mini gefen mayafi. Mun dawo da kwano shida, amma zaɓe ya cinye kusan kashi ɗaya cikin uku, domin duk wadda aka ga ɗan ƙaramin rami a jikinta, in an fasa za a tarar da tsutsa da baƙin gari a kusa da ƙwallon. Mun zauna mu uku a tsakar gida da faifai muna dubawa ɗaya bayan ɗaya har la'asar.

Na tafasa kilo ɗaya a ruwa lita biyu na minti arba'in, na murje a rariya, na sami tsoka kimanin giram 900 mai launin ƙasa-ƙasa da ƙamshi kamar na dabino. Magarya tana da yauƙi, kuma yauƙin ya yaudare ni, domin tun kafin in zuba sukari abin yana bin muciya kamar miyar kuɓewa, na ɗauka aiki ya yi. Da sukari giram 700 da lemun tsami uku na kai shi 103, amma a kan faranti sai ya ja zare maimakon ya tattare, washegari kuma na tarar da ruwa ya kwanta a samansa a cikin kwalba. Yauƙi daban, kamun jiki daban. Ɗanɗanon kuwa ya fi na duk abin da na dafa zuwa yanzu, don haka ragowar magaryar na shanya ta a kan rufin ɗaki, na adana a buhu, sai na sami abin da zai riƙe ta.

22 ga Disamba

Kanya ta nuna, biri ya karye. Zazzaɓi ya kwantar da ni kwana tara daidai lokacin da yaran suka zo da labarin cewa kanyar bakin rafi ta yi ruwan ɗorawa. Sun kawo mini kwano ɗaya, rabinsa bai gama nuna ba, baurinsa yana ɗaure harshe, sauran kuma suka shanye a hanya da tsakar gida. Ban dafa komai ba.

5 ga Janairu, 2025

Yau Lahadi, ranar kasuwar Mai'aduwa, na je neman abin da ƙafata ba za ta kai ni gindinsa ba. A hanya na riƙa lura da yadda sunayen garuruwanmu suke ɗauke da itatuwan nan: ga Mai'aduwa kanta, ga Ɓaure a gabas, ga Magarya can a tsallaken iyaka cikin Nijar. Itatuwan kuwa suna raguwa a idon kowa, domin a wurare biyu da na saba ganin manyan kanya tun ina yarinya kututture kawai na gani, kuma buhunan gawayi suna jere a bakin titi. Na sayi taura kwano ɗaya, domin dazuzzukan yammacin jihar irin su Rugu, inda aka saba samun irin waɗannan itatuwa da yawa, ba wuraren da mutum zai tura yaro tsinta ba ne a halin da ake ciki. Taurar ba ta yi mini amfani ba, saboda koren garinta yana maƙale a cikin zaruruwa masu tauri, kuma abin da na kankaro bayan jiƙo bai kai a ɗora masa tukunya ba.

Aduwa kuma na gwada ta ne don kada a ce ban gwada ba. Na ɓare busasshen bawon, na jiƙa kwana ɗaya, na tace, na ɗora. Tana fara tafasa sai kumfa ta taso kamar an zuba sabulu, kuma hakan ba abin mamaki ba ne, domin tana ɗauke da sinadarin da ke kumfa, wanda shi ne kuma tushen ɗacinta. Dafuwa ta tattara zaƙin, ta tattara ɗacin tare da shi, har sukari giram 500 bai rufe shi ba. Ga shi kuma kowa ya san aduwa tana sakin ciki idan an sha da yawa. Na rufe babinta.

19 ga Janairu

Kukar da ke bayan gidan Kawu a ƙauye ta gado ce, ta mutum huɗu, don haka sai da aka sanar da kowa kafin a kaɗo mini guda goma sha biyu. Bawon yana da wani gashi mai ƙaiƙayi, shi ya sa na fara goge su da tsumma a waje kafin in fasa da taɓarya. A ciki farin gari ne a bushe, a dunƙule a jikin guntsu, da jajayen zaruruwa a tsakani. Na zuba a turmi na kirɓa a hankali yadda guntsun ba zai fashe ba, na tankaɗe, na sami gari giram 850. Wannan garin da muke damawa mu yi kwalba da nono yana da tsami nasa na kansa, yana da fektin mai yawa, yana kuma da bitamin C fiye da lemo, ko da yake wuta tana cinye wani kaso na bitamin ɗin.

Gwaji uku na yi a ƙananan tukwane, kowanne da tsokar magarya giram 300 daga busasshiyar da na adana, da sukari giram 230, da ruwan lemun tsami ɗaya. A na farko na dama garin kuka giram 70 da ruwa kaɗan na zuba, sai ya daskare tun a tukunya, ya zama abin da za a iya yankawa da wuƙa kamar tuwon madara, tsamin kukar kuma ya kore ƙamshin magaryar. A na biyu na sa giram 15, ya ɗan fi na Disamba amma har yanzu yana jan zare. A na uku na sa giram 35, kuma na jinkirta zuba shi sai da magarya da sukari suka yi minti goma sha biyar suna tafasa. Bayan minti bakwai na ɗiga a faranti, na ƙirga talatin, na tura da yatsa, sai ga shi ya tattare, hanyar da yatsan ya bi ta tsaya a buɗe ba ta rufe ba. Na kira Gwaggo ta gani, ta duba ta ce, "To, Allah ya sa albarka," ta koma kan kaɗinta.

Na gwada na ukun da takardar gwajin tsami, wadda adadinta ke raguwa gwargwadon ƙaruwar tsami, ta nuna tsakanin 3 da 4. Wannan yana da muhimmanci fiye da kaurin, domin ƙwayar cutar da ke sa guba a abincin da aka rufe a kwalba ba ta girma idan ma'aunin tsami ya sauka ƙasa da 4.6, kuma magarya ita kaɗai ba ta da tsamin da zan amince da shi. Washegari na dafa babbar tukunya a kan wannan lissafi, wato tsokar magarya giram 900, sukari 700, garin kuka 105, lemun tsami uku, na sami kwalba biyar. Na kuma gwada rabin tukunya da mazarƙwaila a madadin sukari. Ya kama, amma launinsa ya yi duhu, kuma mazarƙwailar kawai ake ji a baki.

9 ga Fabrairu

Tsamiya ba ta ba ni wahalar kamawa ba, wahalarta ta tukunya ce. Tukunyata ta ƙarfen da ba ya tsatsa tana wurin biki, sai na yi gaggawa na ɗora a ta dalma. Da na juye, cikin tukunyar ya yi fari tas daidai iyakar inda tsamiyar ta tsaya, kamar an goge shi da toka, jam ɗin kuma yana da ɗanɗanon ƙarfe a ƙarshen harshe. Tsami yana cin irin wannan tukunya, kuma abin da ya ci yana komawa cikin abincin. Na zubar, na jira tukunyata ta dawo. A karo na biyu na jiƙa ɓararriyar tsamiya giram 500 a ruwan zafi lita ɗaya da rabi, na tace sau biyu saboda yashi da ɓawo, na zuba sukari kilo ɗaya da ɗan citta da kanumfari. Ba ta buƙaci lemo ko kuka ba. Kwalba shida.

Wata maƙwabciya da ta ɗanɗana na magarya ta ce in ba ta kwalba goma ta kai shagon ɗanta. Na ba ta haƙuri, domin abincin da aka rufe a kwalba don sayarwa yana buƙatar rajistar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ni kuma ban ma tabbatar da tsawon kwanan da abin zai yi ba tukuna.

2 ga Maris

Jiya aka tashi da azumi, don haka yau na sauko da kwalaben daga kan kanta na duba su ɗaya bayan ɗaya. Na zoɓo guda uku da suka rage, bayan wata uku da rabi, murafunsu suna lotse a ciki yadda ya kamata, launin ya ɗan dushe a saman amma babu fumfuna. Na tsamiya shida lafiya lau. A cikin na magarya da kuka guda biyar, huɗu suna nan yadda na ajiye su, ba ruwa a sama, ɗaya kuma murfinta ya kumbura, da na buɗe ta yi tsaki, ƙananan kumfa suna tasowa, na zubar ba tare da na ɗanɗana ba. Da na duba bakin kwalbar sai na ga ɗan ɓalli a gefe wanda ya hana murfin zama, abin da ya kamata in gani tun ranar ɗuri. Kwalbar ɗinyata ta biyu sukari ya daskare a ƙasanta. Maɗin Gwaggo kuwa babu abin dubawa, domin ashe ta daɗe da shanye shi a koko.

Da aka sha ruwa na kawo na magarya da burodi. Yaran suka shafa suka ci, amma Gwaggo ta ture burodin, ta ɗebi cokali biyu ta zuba a kofin kununta, ta juya har ya narke, ta sha, ta ce a ƙaro mata gobe. Wata biyar ina neman abin da zai kama jikinsa, ita kuma da cokali ɗaya ta mai da shi ruwa, kuma na lura Kawu ma haka ya yi da na tsamiya, sai dai shi a ruwan sanyi ya dama.

Na ware kwalba ɗaya daga kowane iri na mayar kan kanta, ba za a taɓa su ba sai bayan zafin Afrilu, lokacin da rana kan haura digiri 40, domin sanyin hunturu ya taimaki wannan gwaji, kuma bazara ce za ta nuna gaskiyar murafun. Garin kuka giram 500 ya rage, na ɗaure shi a leda biyu na sa a cikin tulu, yana jiran nunu, 'ya'yan danya, waɗanda suke faɗowa gab da saukar damina. Na riga na aika wa Kawu saƙo ya nemo mini mai danyar da ke kan hanyar gonarsa.